Ina Iyakar Abin da Mutum Zai Aikata Don Ya Tsira da Ransa?

"Assalamu alaikum Likita. Mun yi gardama da abokaina a majalisa bayan mun ji labarin wasu matafiya da motarsu ta lalace a tsakiyar hamada. Ɗaya daga cikinmu ya ce idan wuya ta yi wuya babu abin da ɗan Adam ba zai aikata ba, har da kashe ɗan'uwansa a kan kurɓin ruwa. Ni kuma na ce akwai abin da mai imani ba zai taɓa yi ba ko da zai rasa ransa. Don Allah, tun da ka yi aiki da irin waɗannan mutane, ina iyakar abin da mutum zai iya yi don ya rayu?"

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: me yunwa da ƙishirwa suke yi wa jiki da hankali har mutum ya kai ga abin da bai taɓa zato ba, sannan idan ya kai can, wane shinge yake tsallakawa, wanne kuma yake tsayawa a bakinsa. Na yi shekaru ina aikin likita a yankin Agadas, inda ake kawo mana waɗanda aka tsinto a hamada, kafin nan kuma na yi aiki a wata cibiyar ciyar da yara a jihar Maraɗi lokacin yunwar 2005. Abin da na gani da idona da abin da na karanta sun kai ni ga ra'ayi ɗaya. Shingen ƙyama, wato cin abin da rai ba ya so ko abin da aka hana, kusan kowa yana tsallaka shi idan ta kai ta kawo. Shingen cutar da wani kuwa mutane kaɗan ne ke tsallaka shi, kuma sau da yawa ba su ne suka fi kowa shiga matsi ba.

Ƙishirwa da yunwa ba hali ɗaya suke ba

Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, kuma ilimin likitanci bai ƙara wani abu mai yawa a kan wannan magana ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne. Wanda ke tafiya a ƙasa cikin zafin hamada yana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi a cikin awa guda, saboda haka kwana uku da ake cewa mutum yana yi ba tare da ruwa ba lissafin wanda ke zaune a inuwa ne. Mai tafiya cikin rana yana iya faɗuwa a kwana ɗaya ko biyu. Da farko baki ya bushe, fitsari ya ragu ya yi ja, kai ya yi ciwo. Daga nan jini ya yi kauri, zuciya ta riƙa bugu da sauri, ƙoda ta fara gazawa. Abin da ya fi shafar tambayarka shi ne, kafin jiki ya sare, hankali ne ke fara tafiya. Mutum ya fara sambatu, ya ga rijiya inda babu rijiya, ya tuɓe tufafinsa, ya rabu da jama'a ya nufi inda babu kowa.

Wannan ne ya sa nake taka-tsantsan wajen yanke wa mai ƙishirwa hukunci. Na karɓi mutanen da suka sha fitsarinsu, da waɗanda suka sha ruwan lagireto, har da wanda ya kurɓi turare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke taimako. Fitsarin mai ƙishirwa cike yake da gishiri da dattin da ƙoda ta yi wahalar fitarwa, maganin da ake zubawa a lagireto kuwa guba ne da ke kashe ƙoda. Wasunsu sun san haka tun kafin su baro gida, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Yunwa tana da wani hali dabam, domin ita tana ba mutum lokaci. Sukarin da hanta ke ajiyewa yana ƙarewa cikin kusan kwana ɗaya, sai jiki ya koma ƙona kitse, idan kitse ya yi ƙasa ya fara cin tsokarsa, har da tsokar zuciya. Fursunoni goma da suka mutu a yajin cin abinci a Ailan ta Arewa a 1981, waɗanda suke shan ruwa amma ba sa cin komai, sun rayu tsakanin kwana 46 zuwa 73. A cikin waɗannan makonni hankali yana nan, sai dai ya tattara kacokan a kan abinci. A gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, an rage wa samari 36 da suka ba da kansu abinci na tsawon mako 24 har suka zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Waɗannan mutane sun san ba za a bar su su mutu ba, amma duk da haka suka zama masu saurin fushi, suka daina sha'awar hira da zumunci, wasu suka koma tara littattafan girki suna kallon hotunan abinci. Mai yunwa yana nan da ikon zaɓi, sai dai kowace safiya zaɓin yana ƙara yi masa nauyi.

Shingen ƙyama

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga wannan. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. A 2005 na ga matan da suka yi makonni abincinsu anza, wadda ɗacinta da gubarta ba sa fita sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa. Na ga waɗanda suka tone gidan tururuwa don su kwashe 'yan ƙwayoyin hatsin da ta tara, da waɗanda suka dafa dusar da a da dabba ake ba wa. Magidanta sun sayar da awaki, sannan saniya, sannan gona, mutanen da ba su taɓa miƙa hannu ba suka miƙa.

Misalin da duniya ta fi sani a ƙarshen wannan hanya shi ne na jirgin saman ƙasar Yurugwai da ya faɗi a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka ranar 13 ga Oktoban 1972 da mutum 45, yawancinsu samari 'yan wasa da danginsu da abokansu. Wurin ya haura mita 3,500 a sama, babu tsiro babu dabba, sai dusar ƙanƙara. Ɗan abincin da ke cikin jirgin ya ƙare cikin kwanaki, sannan suka ji da kunnensu a wata 'yar rediyo cewa an daina neman su. Sai suka zauna suka yi shawara, suka yanke cewa za su ci daga naman waɗanda suka riga suka mutu, kuma suka yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya mutu a cikinsu ya yarda a ci nasa. Wasu sun yi kwanaki suna ƙi kafin su iya haɗiyewa. Zaftarewar ƙanƙara ta sake kashe takwas. A ƙarshe Nando Parrado da Roberto Canessa suka yi tafiyar kwana goma a kan tsaunuka har suka haɗu da wani makiyayi a ƙasar Cile, aka ceto mutum 16 bayan kwana 72.

Abin da nake so ka lura da shi a labarin nan shi ne abin da ba su yi ba. Cikin kwana 72 babu wanda ya kashe wani. Sun raba aiki, wasu na narka ƙanƙara, wasu na jinyar masu karaya, ana raba abinci da tsari, ana ƙara wa waɗanda za su tafi neman taimako. Sun tsallaka shingen da ya fi kowane tayar da hankali, amma jinin kowa bai hau kansu ba.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukunci na malamai ne, amma abin da duk ɗalibin zaure ya karanta ya isa ya nuna cewa shari'a ta san wannan hali. Aya ta 173 a Suratul Baƙara, bayan ta haramta mushe da jini da naman alade, ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta matsa, matuƙar ba da son rai ya ci ba kuma bai wuce iyaka ba. A Risala an ce wanda ya matsu yana iya cin mushe har ya ƙoshi, ya kuma yi guzuri, idan ya wadata ya jefar. A kan naman ɗan Adam da ya riga ya mutu ne malamai suka rabu: sanannen zance a mazhabar Malikiyya hani ne ko da a lalura, Shafi'iyya kuwa sun yi rangwame. Inda ba a rabu ba shi ne kashe wanda bai ji ba bai gani ba don kai ka rayu, domin ranka bai fi nasa daraja ba. Saboda haka, Malam, maganarka tana da gaskiya, sai dai tana buƙatar gyara ɗaya: mai imanin da ya ci mushe don ya rayu bai bar imaninsa ba, malamai da yawa ma suna ganin wajibi ne a kansa ya ci.

Shingen jini

Abokinka ma bai yi ƙarya ba, domin an yi. A 1884 wani ƙaramin jirgin ruwan Ingila mai suna Mignonette ya nutse a tekun Atlantika, mutum huɗu suka tsira cikin kwale-kwale ba tare da ruwan sha ba. Bayan kusan kwana ashirin, kyaftin Tom Dudley, da yardar mataimakinsa Edwin Stephens, ya yanka yaron jirgin, Richard Parker, ɗan shekara 17, wanda ya riga ya galabaita bayan ya sha ruwan teku. Kwanaki kaɗan bayan haka wani jirgi ya tsince su. Da suka koma gida ba su ɓoye ba, don suna ganin al'adar teku ta ba su dama. Kotu ta ce lalura ba hujjar kisan kai ba ce, ta yanke wa Dudley da Stephens hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin wata shida. Tambayar da ta tsaya wa alƙalan a rai ita ce wadda ta tsaya mini: wa ya ba su ikon zaɓar wanda zai mutu, kuma me ya sa zaɓin ya faɗa kan mafi ƙanƙanta da rauni?

Sai dai a duba yawan masu yin haka. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningirad na Tarayyar Sobiyet ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, rabon burodin mafi yawan mutane ya sauka zuwa giram 125 a rana, ɗaruruwan dubbai suka mutu da yunwa. A birnin da ke da mutum fiye da miliyan biyu, waɗanda aka kama da laifin cin naman mutum kimanin 2,000 ne, kuma mafi yawansu gawa suka ci, ba kisa suka yi ba. A cikin wannan birni dai akwai wata cibiyar adana irin shuka da masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya tara daga sassan duniya. Wasu ma'aikatanta sun mutu da yunwa suna gadin buhunan iri, har da mai kula da shinkafa da mai kula da gyaɗa, ba su ci amanar da aka ba su ba. Duk wanda ya san abin da manomi ke ji idan yunwa ta sa shi ya taɓa irin da ya ajiye don damina zai gane girman wannan.

Wanda ke da ruwa ne ya fi yawan cin amana

A nan ne aikina ya fi koya mini abin da ban samu a littafi ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, 7 maza, da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. A 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a hanyar Agadas zuwa Dirku, akasarinsu 'yan Gana da Najeriya. Mutane sukan tambaye ni me zai sa uwa ta ɗauki 'ya'yanta ta shiga wannan hanya, amsar kuwa tana cikin karin maganar nan, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Shiga motar ma kanta wani mataki ne na neman tsira.

A cikin labaran da na ji daga bakin waɗanda aka kawo mana, faɗa a kan jarka yana faruwa, ɓoye ruwa yana faruwa, barin wanda ya kasa tafiya a baya ma yana faruwa. Amma muguntar da ta fi kashe mutane ba daga masu ƙishirwa take fitowa ba. Tana fitowa ne daga direban da ya hango 'yan sintiri ya sauke fasinjoji ya ce zai dawo bai dawo ba, da wanda ya rage jarkokin ruwa don ya ƙara mutum biyu a bayan mota, da motar da ta wuce mutane suna ɗaga mata hannu ba ta tsaya ba. Waɗannan ba ransu suke ceto ba, kuɗinsu da motarsu suke ceto. Bayan dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka soke a 2023, direbobi da yawa sun bar hanyoyin da ke da rijiyoyi suka koma inda ko mota ta lalace babu mai wucewa.

Tsohon hali ne. A 1816 jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse, da ke kan hanyar Sanagal, ya kafe a gaɓar Muritaniya. Manya suka shiga kwale-kwale, aka ɗora kusan mutum 150 a kan wani dandamalin katako da alkawarin za a ja su, sannan aka saki igiyar. Abin sha kuma yawancinsa giya ce. Aka yi ta kashe-kashe, aka jefa raunana cikin teku, bayan kwana 13 mutum 15 kacal aka samu da rai. Kwatanta wannan da masu haƙar ma'adinai 33 da ƙasa ta rufta da su a Cile a 2010: kwana 17 babu wanda ya san suna raye, amma shugaban aikinsu Luis Urzúa ya tsare rabon 'yan cokulan kifin gwangwani ga kowa, duka 33 suka fito bayan kwana 69. Ban yarda cewa waɗancan miyagu ne waɗannan waliyyai ba. Bambancin shi ne ɗaya taron an ci amanarsa tun a sa'ar farko, ɗayan kuwa kowa ya ga ana rabo a gabansa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. A hadisin Jabir, lokacin da guzuri ya ƙare wa rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida, ya sa aka tara abin da ya rage wuri ɗaya yana rabawa, har ta kai kowa dabino ɗaya yake samu a yini, suka koma cin ganye, kafin teku ta jefo musu wani ƙaton kifi. Idan wani naka zai bi hanyar hamada, wannan ita ce shawarar da zan ba shi tare da ta likita: a tara ruwa a raba a bainar jama'a, a zauna kusa da mota domin ita masu nema ke fara hangowa, a yi inuwa a rufe jiki, kada a yi tafiya da rana.

Abin da ba a cika faɗa ba

Idan ana irin gardamarku, hankali yana tafiya kan kisa da cin naman mutum, amma zaɓin da na fi ganin yana karya mutane ya fi waɗannan shiru. A 2005 uwa takan zo da yaro ɗaya daga tafiyar yini guda, ta baro uku a gida da gonar da ba a nome ba, sai mu ce mata dole ta kwana biyu da shi a cibiya. Wata ta zauna, wata ta goya shi ta koma. Muna ba da abincin magani na gyaɗa don yaron da ya rame, mu tarar an raba shi ga duk yaran gida, nauyin marar lafiya bai ƙaru ba. Da farko nakan yi faɗa. Daga baya na gane cewa matar nan tana yin lissafin da ni ban taɓa yi ba, kuma ita kanta ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. A hamada ma haka ne: iyaye mata sukan ba yara rabonsu har su riga su faɗuwa.

Dole in faɗa maka iyakar shaidata. Waɗanda suka tsira ne kawai ke ba ni labari, kuma mai tsira yakan rufe wani ɓangare saboda kunya, ko kuma ƙishirwa ta shafe shi daga ƙwaƙwalwarsa. Haka kuma babu awon da zan yi wa mutum yau in ce ga abin da zai aikata a kwana na huɗu. Na ga ƙarfafa sun rikice tun a yinin farko, na ga 'yar yarinya ta ja ƙanenta har bakin rijiya. Shi ya sa ba na son mutum ya yi rantsuwa a kan kansa yana zaune a inuwa da randa kusa da shi, kuma ba na son ya zagi wanda aka jarraba.

Ceto ma ba shi ne ƙarshen haɗari ba. Wanda ya daɗe da yunwa idan aka cika masa ciki lokaci ɗaya, sinadaran jininsa suna iya rikicewa zuciya ta tsaya, don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, mai ƙishirwa kuma ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, ko ƙarin ruwa ta jijiya idan ba ya iya haɗiya. Jiki yakan murmure cikin makonni, amma abin da ke cikin zuciya yakan daɗe.

Akwai wani saurayi da aka kawo mana tare da wasu mutum biyar, ƙodarsa ta kusa tsayawa. A dare na uku, da ya ga babu kowa kusa, ya riƙe mini hannun riga ya ce yana da wata 'yar gora da ya ɓoye a cikin wandonsa, ruwan bai kai rabin lita ba, kuma abokin da suka taso gari ɗaya ya roƙe shi ruwa ya ce masa babu, da asuba abokin ya cika. Ya ce, "Likita, ni na kashe shi?" Na gaya masa abin da na sani a matsayina na likita: a halin da ya kwatanta mini, ga zafin jiki ga sambatu ga rashin fitsari tun jiya, rabin lita ba za ta dawo da shi ba. Na kuma gaya masa cewa sauran tambayar ta fi ƙarfin ilimina, na haɗa shi da wani dattijon malami da ke zuwa duba marasa lafiya, suka yi kwanaki suna zama tare. Ranar da aka sallame shi bai nemi motar Libiya ba. Ya ce zai koma garinsu ya gaya wa mahaifiyar abokin nasa inda suka binne shi, da kuma maganar gorar.